Shekarar da Aka Ce Na Yi wa Ɗana Baki

Lokacin kaka ne. An gama yankan gero, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi, gyaɗa kuma tana baje a kan duwatsu tana shan rana. Bayan shekarun farin nan da suka cinye shanun dangin mahaifiyata a wajen Babura, wannan ce damina ta farko da ta zauna mana yadda ake so, har rumbun da muka manta da shi a bayan gida sai da aka sake yaɓe shi. A waccan shekara mutane suna tafiya kamar an sauke musu kaya daga ka. Kuɗin man fetur sun fara isowa har irin garuruwanmu, kowane malamin makaranta ya sayi babur, kowane zaure da rediyonsa. A lokacin Roni tana cikin Jihar Kano, kuma motar Kazaure sai ranar kasuwa ake samunta cikin sauƙi.

Na san wasunku sun ji labarin shekarar nan a bakin mutane, cewa Innarku ta taɓa tsayawa a gaban mata ta yi wa ɗanta na fari mugun baki. Ba ƙarya aka yi mini ba, kalmomin daga bakina suka fito. Sai dai wanda ya ba ku labarin daga tsakiya ya ɗauko shi. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami, ko da a makare, bari in ɗauko muku shi daga tushe.

Yayanku ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Babanku aka sa masa. Don haka sunansa ya fi ƙarfin bakina ta hanya biyu, har yau ma ba za ku gan shi a rubutun nan ba. Ana yaye shi Iya, wato kakarku ta wajen uba, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. A can ya yi wayo, ita ke yi masa wanka, ita ke ɓoye masa ƙanzo, ita ke kiransa Maigidana tana cewa ba ta da wani miji sai shi. Ni kuwa abin da aka koya mini a gidanmu shi na riƙe: ba a kallon ɗan fari ido cikin ido, ba a yi masa wasa, ba a yabonsa a gaban mutane. Idan ina so ya ci abinci sai in fuskanci bango in ce, ga tuwo can yana hucewa. Idan ya faɗi ya fasa gwiwa sai in ci gaba da dakana, zuciyata tana can wurinsa, har Iya ta fito ta ɗauke shi. Ku na yanzu kuna rungumar 'ya'yanku na fari a gaban surukai, ban ce laifi ba ne. Mu dai a haka muka nuna tarbiyyarmu, kuma ana yabona da ita. A unguwarmu idan ana yi wa sabuwar uwa faɗa, da ni ake ba ta misali.

Ranar da ya zo da labarin cewa gwamnati ta zaɓe shi zuwa Zariya koyon tuƙin jirgin sama, Iya ta yi kuka har da majina, ta ce wa za ta bar wa gadonta idan Maigidanta ya ɓace a cikin gajimare. Babanku ya ce Allah ya sa albarka. Ni ina bakin murhu. Na gyara itace, na ƙara ruwa a tukunya, ban ce komai ba, domin haka ya kamata. A raina kuwa ji nake kamar in fita tsakar gida in rangaɗa guɗa. Ban san yaron ya ɗauki shirun nan ya ajiye a zuciyarsa da wata ma'ana ba.

To, a kakar da nake ba ku labari, sai ga shi ya iso gida ba sanarwa, ba lokacin hutu ba. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan la'asar suka zauna da Babanku a zaure, ni kuma ina tankaɗe a jikin bangon, ba don in saurara ba, can ne inuwa take. Ya ce jarrabawar takarda ya cinye ta, kuma tuni malaminsa yake barinsa ya tashi da ƙaramin jirgi shi kaɗai ya zaga ya sauka. Abin da ya rage shi ne gwajin sama, inda mai jarrabawa zai zauna kusa da shi ya ga hannunsa, sannan a ba shi lasisinsa na farko. A cikin gwajin akwai wuri guda da ba a faɗa wa ɗalibi lokacinsa. Kuna cikin tafiya lafiya lau, sai mai jarrabawa ya miƙa hannu ya janye totur, wato abin ƙara wa inji wuta, ƙarar inji ta faɗi, ya ce maka injinka ya mutu. Daga nan sai ka nuna yadda za ka sauko da jirgi a kan fili ko gona ba tare da ka hallaka kowa ba. An yi masa gwajin, komai ya tafi daidai har zuwa wurin nan. A nan ya daskare. Sai da mai jarrabawar, wani Bature mai jan gemu, ya karɓi tuƙin da kansa.

“To, ba ka san abin yi ba ne?” in ji Babanku.

“Na sani, Baba. Ko daga barci aka tashe ni zan jero shi. Amma da ƙarar nan ta ɗauke, sai hannuwana suka zama kamar ba nawa ba.”

“Yanzu sai yaya?”

“Sun ba ni dama guda. Idan na sake faɗuwa, sallama ce.”

Rariyar tana hannuna, amma na daina kaɗa ta ban sani ba.

Malaminsa ne ya ce ya je gida ya huta, ya riƙa zama a kujera yana tuƙi da baki da hannu har abin ya zauna masa a jiki. Kun san falalen dutsen bayan gidanmu na da, inda muke shanya, wanda idan ka tsaya a kansa kana hango gonaki har bakin fadama. A nan ya kafa makarantarsa. Ya ɗauki 'yar kujerar tsuguno, ya ari faifaina guda ya mai da shi sitiyari, ya kafa kara a cikin tsagar dutse ya ce shi ne totur. Rakiya, mai bi masa, ta zo daga Gwiwa ganin gida a kwanakin, sai ya ba ta aikin Bature. Ya ce duk lokacin da ta ga dama, ba tare da ya shirya ba, ta ce masa injinsa ya mutu. Amma kun san Rakiya. Tun daga bakin danga za ta fara toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa.

“Yaya! Yaya, wai injinka...” sai dariya ta kwashe ta.

“Ke, wane irin Bature ne wannan? Tun kina tsakar gida na san kina tafe.”

“To ai kai ne, gardi guda da kai ka rungume faifai kana ƙugi kamar ɗan maraƙi.”

“Je ki, na kore ki daga aiki.”

“Sai ka biya ni ladan jiya tukuna, ranka ya daɗe direban faifai.”

Duk da haka yana yi. Ina jinsa daga inda nake shanya. Ya tura faifai gaba kaɗan ya ce ya sunkuyar da hancin jirgi don kada gudu ya ƙare. Ya duba hayaƙin gidaje ya gane inda iska ta fuskanta. Ya zaɓi gona, ya ce ba ta dawa ba saboda kara, ba mai tarin itatuwa ba, kuma zai bi tsawon huɗa ne, ba zai ratsa ta ba. Ya taɓa nan ya taɓa can yana neman tada inji, sannan ya juya harshe zuwa Turanci yana kiran mutanen ƙasa. Kafin 'yan kwanaki ni ma na haddace jerin, ban da Turancin. Sai dai shi da kansa ya san wasa ne. Abin da kake jira ba ya razana ka.

Rannan Iya ta fito shan hantsi, daidai lokacin da Rakiya ta samu ta faɗi maganar ba dariya. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ta yi sauri irin na ranar ba. Ta jefar da sandarta ta hau dutsen da rarrafe.

“Me kika ce? Maimaita in ji! Ɗan'uwanki, ciki ɗaya, kike kira wa mutuwar inji a sama? Tofar da yawu! Tofar, na ce!”

“Iya, koyo ne fa,” in ji Yayanku. “Ni na sa ta.”

“Koyon me? Koyon faɗowa? Maigidana, baki ba abin wasa ba ne. Abin da aka yi ta kira da safe da yamma, wata rana sai ya amsa. Muddin ina numfashi a gidan nan, kada in ƙara jin wannan kalma a bakin kowa.”

Kada ku ga laifin Iya. A wurinmu ko mai tafiya kasuwar Kazaure ba a ambata masa haɗari, sai dai a ce Allah ya kiyaye hanya. Balle wanda zai hau sama. Kuma cikin dukan bakuna, wanda aka fi tsoro shi ne na uwa, domin an ce nata ba ya faɗuwa ƙasa. Ni ma da wannan aka raine ni.

Daga ranar kujera ta koma ɗaki, faifai ya dawo kan ƙwaryata. Yayanku ya shiga bin Babanku gona, yana ɗaurin dawa kamar wanda bai taɓa ganin jirgi ba. Ranar komawarsa tana matsowa, ba ya ko zancenta. Sai Rakiya ta same ni a madafa ta rage murya ta ce ta ji shi yana tambayar Baba yadda ake sarin hatsi a Babura, wai ko zai fara bin motar kasuwa. Na ce mata wannan zancen maza ne. Ta ce akwai saura. Wai ya ce gara ya zauna da mutuncinsa da a koro shi, kuma ko Inna ma ai ba ta taɓa son abin nan ba, tun ranar farko ba ta ce uffan ba, kuma a sama da ƙarar ta ɗauke abin da ya fara faɗo masa shi ne, ga shi zai mutu a kan abin da mahaifiyarsa ba ta yarda da shi ba.

Na ce wa Rakiya ta miƙo mini ludayi. Da ta fita na zauna a kan turmi, miya tana ƙonewa ina kallonta.

Abin da ya sa na gane ciwonsa, ni ma na taɓa daskarewa. Lokacin da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan mai unguwa, Babanku ya bar ni na shiga, ina da 'ya'ya har an fara aurar da su. Na iya karatuna sarai a gaban Malama Asabe. Amma ranar da mai duba aji ya zo daga Kazaure ya nuna ni da alli ya ce in karanta, sai baƙaƙen suka watse a idona kamar an watsa wa kaji tsaba. Na tsaya kamar gunki har ya ce in zauna. Malama Asabe ba ta yi mini faɗa ba. Abin da ta yi, ta shiga yi mini kwanton ɓauna. A gidan suna, a bakin rijiya, a gidan gaisuwa, sai kawai ta zaro kwalin ashana ko takardar sabulu ta tura mini a fuska ta ce, karanta! Tun gabana yana faɗuwa har ya gaji ya daina. Da mai dubawar ya dawo, shi ne ma ya ce ya isa haka. Don haka na san maganin yaron nan. Yana bukatar wanda zai faɗa masa kalmar a inda bai taɓa zato ba, daga bakin da zai girgiza shi fiye da na Bature. Na duba gidan kaf, ban ga mai irin wannan baki ba sai mutum ɗaya.

Da na kai wa Babanku abincin rana a gindin ɗorawar gona, na durƙusa na ɗan jima ban tashi ba.

“Akwai magana ne?” ya ce.

“Malam, tambaya ce. Idan uwa ta faɗi abu da baki, zuciyarta kuma tana roƙon Allah kishiyarsa, wanne ake rubuta mata?”

Ya ajiye lomar da ya ɗauka, ya dube ni.

“Allah dai zuciya yake dubawa. Amma mutanen gari kunne gare su, ba sa ganin zuciya. Iya ma haka.”

“Na sani.”

“Ke da ko ɗaga murya ba kya yi?”

“Ba sai na ɗaga ba.”

Ya girgiza kai, na ga yana ɓoye murmushi a cikin gemu. Ya ce shi dai bai ji komai ba, miyar kuma ta yi ƙauri.

Ranar da abin ya faru mata sun taru a kan dutsen ana taya mu ɓarar gyaɗa. Akwai Tabawa maƙwabciyarmu da surukarta, da wasu daga cikin unguwa, Iya kuma tana gefe a kan tabarma tana jan carbi. Yayanku ya hawo da buhu a kafaɗa ya sauke mana, ya gaida mata, ya juya zai sauka. Ina tsaye da faifai ina sheƙe ɓawo. Na yi bisimilla a zuci, na roƙi Allah ya tsare mini shi a sama da ƙasa, sannan na ɗaga kai na dube shi a ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana cikin tsumma.

“Kai,” na ce. “Injinka ya mutu.”

Hannuwan mata suka tsaya a cikin gyaɗa. Wata ta ce innalillahi. Carbin Iya ya faɗi a kan dutse, na ji ƙararsa. Shi kuwa ya juyo ya tsaya, baki buɗe, hannuwa a sake, fuskarsa ta koma kamar toka. Na ga abin da Baturen ya gani. Nan take na so in janye maganata in ruga ɗaki, amma na san idan na sunkuyar da kai yanzu, na kashe shi da gaske. Na matsa na miƙa masa faifan.

“Kana sama, inji ya mutu, ni ce a kusa da kai. Ina za ka sauke ni?”

Ya dubi faifan, ya dube ni. Sai na ga yatsunsa sun motsa. Ya karɓa, ya durƙusa a kan dutsen, ya tura faifan gaba. Ya fara jero abinsa. Ya sunkuyar da hanci. Ya waiga ya sami hayaƙin gidan Tabawa yana karkata yamma. Ya ce zai juya ya fuskanci gabas, ya bar gonar dawarmu saboda kara, ya bar ta liman saboda gawo biyu da ke tsakiya.

“Gonar gyaɗar Baba Tanko,” ya ce. “An cire gyaɗa, fili ne, zan bi tsawon huɗa.”

“Gonar mijina?” in ji Tabawa, ta dafe ƙirji. “La ilaha! Uwa ta kashe inji, ɗa kuma zai faɗo mana a gona!”

Bai ko ji ta ba. Ya bi jerinsa har ƙarshe, ya yi Turancinsa, ya ja faifan zuwa ƙirji a hankali, ya ce mun sauka. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Na karɓi faifaina na ce, “To, madalla,” na koma sheƙe gyaɗa. Da na waiga, Iya ta naɗe tabarmarta da kanta ta sauka, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba.

A kwanakin da suka rage ban raga masa ba. Yana tsakiyar shan fura, yana ɗaure takalmi, yana jan ruwa a rijiya, yana hira da abokansa a ƙofar gida ni kuma ina bayan ƙyaure, sai ya ji muryata a hankali. Na farko-farko yakan zabura har fura ta zube. Daga baya sai ya ajiye ludayi kawai ya fara jero abinsa, da murfin kwano, da hula, da duk abin da hannunsa ya samu. Rannan na faɗa, ya gama saukarsa tsaf, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Inna, wannan karon a gefen gonar liman na sauka, iska ta juya.” Na shige ɗaki da sauri don kada ya ga fuskata.

Abin da ya biyo baya kuwa, na sha shi. Iya ta daina cin abin da na dafa. Kowace safiya in dama fura in kai ƙofar ɗakinta in durƙusa in gaishe ta, ba ta amsawa, da rana in tarar da ƙwaryar yadda na ajiye ta. Mu da muka zauna shekaru ba a taɓa jin kanmu ba. A gari kuma labari ya zaga, kowa da irin nasa. Wasu suka ce karatun boko ne ya cire mini kunya, wasu suka ce dama can ba na ƙaunar yaron tunda ba ni na raine shi ba. Aka yi suna a gidan Tabawa, ana miƙa jaririya hannu zuwa hannu ana sa mata albarka, da aka zo kaina sai aka tsallake ni aka miƙa wa ta kusa da ni. Na yi kamar ina gyara ɗankwali. Wannan tsallakewa ta daɗe ana yi mini ita, har bayan komai ya wuce, kuma ba a ƙara ba wata sabuwar uwa misali da ni ba.

Ranar tafiyarsa ya zo ƙofar ɗakina da jakarsa ya durƙusa. Na ga kafaɗunsa a ɗaure, yana jiran in sake jefo masa kalmar. Ina daga ciki, labule a tsakaninmu.

“Inji ba zai mutu ba, in Allah ya yarda,” na ce. “Idan kuma Baturen ya kashe shi, ka san gonar da za ka nema. Tun ranar farko na yarda, bakina ne ba shi da izinin faɗa. Tashi ka tafi, Allah ya yi maka albarka.”

Ya ɗauki jakarsa. Sannan na ji takunsa ya nufi zaure.

Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin jiran nan sun fi komai tsawo. Duk abin da na gaya wa kaina game da zuciya da niyya, idan na ji ƙarar mota daga nesa sai in ce ko an aiko da mugun labari ne. Idan wani abu ya same shi, na san har kabari da sunan wadda ta yi wa ɗanta baki za a kai ni, kuma wataƙila ni ma in yarda da hakan. Na yi sadakar ƙosai, na yi ta hatsi, na ci gaba da kai furar da ba a sha.

Ranar kasuwar Kazaure, da la'asar sakaliya, ya sauko daga motar hatsi da ƙurar buhu a wandonsa. Bai zo wurina ba, ya san abin da ya dace. Ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Iya ya zauna, ya ɗaga murya yadda za ta kai madafa, inda nake.

“Iya, mijinki ya dawo da lasisi.”

Na ji tsohuwa tana hamdala tana kuka tana shafa kansa, tana cewa ya rame, ba sa ba shi abinci. Rakiya, da ta ƙi komawa Gwiwa sai ta ji sakamako, ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse.

“Yaya, Baturen ya kashe injin?”

“Ya kashe mana. Muna kan wasu gonaki, ya miƙa hannu a sace ya janye totur, ya faɗi maganarsa yana hararata ta gefen ido.”

“Sai ka daskare?”

“Ina fa. Na dube shi da jan gemunsa na ce a raina, bawan Allah, ai kai ba ka iya faɗarta ba. Da ka zo Roni an koya maka.”

Rakiya ta faɗi ƙasa don dariya. Iya ba ta yi dariya ba, amma na ji ta ce, “Uhm.” Ni kuwa na juya wa ƙofa baya na ci gaba da tuƙa tuwo, hayaƙi ya ba ni dalilin share ido. Da ya zo gaishe ni daga baya, na fuskanci bango na ce ga ruwan wanka can yana hucewa. Ya ce to, Inna. Daga ranar ban ƙara yi masa magana kai tsaye ba sai da ya yi 'ya'ya. Shekarun da ya yi yana ɗaukar alhazai da manyan jirage, ban taɓa yabonsa a gaban mutum ba. A nan ne kawai nake rubutawa: na haifi ɗa, kuma na yi alfahari da shi.

Washegari da sassafe na daka gero, na dama fura da nonon da ya fi kyau, na rufe ƙwaryar da faifan nan da gefensa ya lanƙwashe saboda riƙo. Na kai ƙofar ɗakin Iya na durƙusa.

“Iya, kun tashi lafiya?”

Har na dafa ƙasa zan miƙe, sai labule ya motsa, siririn hannunta ya fito ya ja ƙwaryar ciki. Jim kaɗan faifan ya dawo ta ƙarƙashin labulen shi kaɗai.

“Amarya,” ta ce, “wa ya ce ki rufe mini fura da sitiyarin Maigidana? Je ki rataye shi inda hayaƙi ba zai taɓa shi ba.”

Na ɗauka na kai ɗakina na rataye shi a saman gado, sannan na fito na ɗora ruwan koko.